Ku bar maƙeri ya huta, laifin shanya ne

Har yanzu wai ana ta muhawara a kan bidiyon jiya. Mutum ya fito yana kumfar baki, buhu uku na na'a-na'a bai ba shi man ƙamshi na kirki ba, don haka wai maƙerin da ya ƙera masa tukunyar turara ganye don fitar da mai ya cuce shi. Sannu da ƙoƙari, Malam! Ka baje ganye a kan kwanon rufi kwana uku, a ranar Afrilu ta Sakkwato da zafi ke haura digiri 40, ka kwashe ka kirɓa a turmi, sannan ka zo kana neman mai. Wane mai? Ai maƙwabta sun riga sun shaƙe shi kyauta.

Man ƙamshi ba man gyaɗa ba ne da zai zauna yana jiranka. Tashi yake yi. A na'a-na'a da ɗoɗɗoya, cikin wasu 'yan ƙananan ƙulli yake a fatar ganyen, shi ya sa da ka murza ganye ɗaya yatsunka ke ɗaukar ƙamshi. Duk ƙamshin da ya cika tsakar gida lokacin daka, man ne yake gudu. Rana ta ci rabonta, taɓarya ta ƙarasa sauran, tururi ya zo ya tarar da dusa.

Wani ya ce mini a ƙasan bidiyon, ai ita ciyawar lemun da ake sa wa shayi yankawa ake yi kafin a turara. Ƙwarai. Nata man a cikin ganye yake ɓoye, yanka na buɗe masa hanya, kuma ana yankawa ake zuba ta a tukunya, ba a bari ta kwana. Ganye da ganye ba ɗaya ba ne. Masu cewa "ai kowa haka yake yi" kuwa, ba ni da lokacinku.

Maganar gaskiya, na tausaya masa, don ni ma na sha wannan. Nawa kuskuren ɗanyen ganye na tula cikin buhu ya kwana biyu. Da na zura hannu na ji ɗumi kamar tuwo, tsakiya ta yi baƙi, man ya fito da warin ruɓa. Tun ranar nake tsinka da safe bayan raɓa ta bushe, in shimfiɗa sama-sama a tabarma cikin zaure inda iska ke ratsawa, ina juyawa har ya yi yaushi. Iyayenmu mata ma a inuwa suke shanya zogale da kuka don su fito kore shar, ba su jira wani ya koya musu ba.

Shanya ce, jama'a, shanya ce. Maƙeri ba shi ya hau rufin ba.

Af, su kuma masu ɗura mai a gorar roba suna jera shi a rana bakin kasuwa, man na cin roba. Wa ya san inda zan samu ƙananan kwalabe masu duhu a cikin gari? Na gaji da saƙo daga Kano.