Nana Asma'u da Waziri Gidado: zaman aure sama da shekara 40

Assalamu alaikum ƴan uwa. Yau tsohuwa ɗaya nake so mu tuna, Nana Asma'u ƴar Shehu Usman Ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara mata rahama. Kusan kowa ya san sunanta, ga makarantu nan birjik da aka sa wa sunan, ga ƴaƴanmu Asma'u Asma'u a kowane gida, amma in ka tambayi mutum waye mijinta sai ka ga ya yi shiru yana sosa ƙeya. To matar aure ce fa, kuma ta yi sama da shekara 40 a ɗakin miji ɗaya har mutuwa ta raba su.

An haife ta a Degel a 1793, tagwaye ne ita da Hassan. Tana da kamar shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, wato tun tana yarinya ta san gudun hijira da yunwa da fargabar yaƙi. A cikin wannan hali ne, wajen 1807, aka ɗaura mata aure da Gidado ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato bayan rasuwar Shehu a 1817. Ku duba lokacin da aka yi auren nan dan Allah, jama'a ba su ma da matsuguni tsayayye, yau ana nan gobe an tashi, birnin Sakkwato kansa ba a gina shi ba tukuna. Mu kuwa yanzu sai a fasa aure saboda akwatin lefe bai cika ba, ko a kwashe sati ana kamu da dina da ɗaukar hoto, wata uku ba a yi ba amarya ta dawo gida da takarda a hannu.

Abin da ya fi tsaya min a rai a tarihin nan shi ne mijin. Mun saba duk nasihar aure a kan mace take sauka, yi haƙuri, yi biyayya, kauda kai, kuma gaskiya ne ana bukatar haƙurin. Amma Gidado fa Waziri ne, mai faɗa a ji, baƙi daga nesa gidansa suke sauka, har Baturen nan Clapperton da ya zo Sakkwato a 1824 shi ya kula da shi. Da ya ga dama da ya ce matata ba ta koyar da kowa, a rufe ƙofa. Bai yi ba. A cikin gidansa ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ita da ta haddace Alƙur'ani, a cikin gidansa mata suka riƙa tururuwa daga ƙauyuka suna zuwa ɗaukar karatu. Su ne ƴan taru. Kowace tawaga da shugabarta da ake ce wa jaji, dattijuwa mai hankali, Nana ta ɗora mata malfa da jan rawani alamar an ba ta izini, ta koma garinsu ta koya wa mata alwala da sallah da tauhidi da zaman gida ta hanyar waƙoƙi. Su zo da ɗan abin da suka samu, zuma, man shanu, hatsi, ita kuma ta rabar wa mabukata. Duk wannan hidima da hayaniya a gidan mutum ake yi, shekara da shekaru, in ba namiji mai son lada ba wa zai jure?

Kuma duk da haka ta haifa masa ƴaƴa maza ta tarbiyyantar da su, babbansu Abdulƙadir shi ya gaji waziranci, har zuwa kan marigayi Waziri Junaidu da ya rasu a 1997 tsatson nan ne. To masu cewa mace in ta yi ilimi ba ta zaman aure sai su zo su yi mana bayani.

Bayan rasuwar Sarkin Musulmi Bello a 1837, tsufa ya fara kama su, sai miji da mata suka duƙufa rubuta tarihin Shehu da Bello don kar na baya su manta, shi yana rubutawa da Larabci ita tana mayar da abin waƙa da harshen da talaka zai gane. Ni a ganina nan sirrin yake, suna da aikin Allah guda da ya haɗa su bayan ƙuruciya ta wuce. Ba wai ba sa saɓawa ba ne, mutane ne, zo mu zauna zo mu saɓa, sai dai abin da ke gabansu ya fi ƙarfin wa ya ce wa me. Allah ya ce a Suratur Rum aya ta 21 ya sanya soyayya da rahama a tsakanin ma'aurata, kuma rahamar nan ita ke riƙe gida ranar da ƙafa ta fara ciwo, ido ya rage gani.

Gidado ya rasu wajen 1850. Nana ta yi masa marsiyya da Fulatanci, ta ambaci alherinsa da hidimarsa ga jama'a tana roƙa masa gafara. Ta rayu bayansa fiye da shekara 10 ba ta daina koyarwa ba, har ta rasu a 1864 tana da shekara 70 da ƴan kai, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta.

Wannan riƙon amana bayan mutuwa a wajen Manzon Allah (SAW) suka gada. Shekara 25 ya yi da Nana Khadija, bayan ta rasu in ya yanka akuya sai ya aika wa ƙawayenta nama, har Nana A'isha ta ce ba ta yi kishi da wata mace ba kamar yadda ta yi da Khadija alhali ba ta taɓa zama da ita ba. Kai Malam da matarka ta rasu bara, yaushe rabonka da gaida surukanka? Ke kuma Hajiya, yaushe rabon da ki fitar da ko kwanon abinci sadaka ga maigidan da ya riga ki?

Sannan wanda Allah ya bar masa kaka ko Inna a raye, wadda ta yi shekara 50 a ɗaki ɗaya, dan Allah a ajiye wayar nan a je a zauna kusa da ita a tambaye ta yadda aka yi, kar a jira sai ta rasu a sa hotonta a WhatsApp ana Allah sarki.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u da Waziri Gidado da iyayenmu da kakanninmu, ya haɗa su da abokan zamansu a Aljanna Firdausi. Amin.