Ba bindiga kaɗai ke cinye talotalon daji ba

Wani labari da na karanta ya ɗora raguwar da talotalon daji ya sake yi a Amurka kan mafarauta kawai, ni kuwa ban gamsu ba. Wajen 1930 tsuntsun ya kusa ƙarewa, amma zuwa farkon shekarun 2000 ya kai kusan miliyan 7, kuma harajin bindiga da harsashi na dokar Pittman-Robertson ta 1937 na cikin abin da ya biya kuɗin kama su da raga ana kai su dazukan da suka ɓace. Ga mai cewa a hana farauta gaba ɗaya, to wa zai biya kuɗin kula da dajin? Babbar matsalar tana wajen 'yan tsaki. Macen a ƙasa take yin sheƙa kamar zabuwar daji, ta kwanta kan ƙwai goma sha wani abu har kwana 28, rakun (wata dabbar daji mai cin ƙwai) da yanyawa na kewaya ta. 'Ya'yan kuma sai sun yi kusan mako biyu kafin su iya tashi kan bishiya, kuma ciyawar da ke tara ƙwarin da suke ci ta ragu tun da aka rage ƙona daji bisa tsari. Na yarda harbe manyan maza kafin su gama barbara ɓarna ce, shi ya sa jihar Jojiya ta Amurka a 2022 ta jinkirta buɗe farauta ta rage adadin mazan da mafarauci zai iya harbewa daga uku zuwa biyu, kuma ta kyauta. Amma in ƙwai ba ya kaiwa ƙyanƙyasa, rage adadin zai isa?