Siki, sice, da kalmomin dara da muke bari suna ɓacewa

Ranar Lahadi muna buga lido da yara a falo nan Manchester, na jefa na ce siki! da ƙarfi kamar yadda muke yi tun muna yara a Katsina, sai wani dattijo Bature maƙwabcinmu da ya shigo shan shayi ya ce a da can su ma ba six suke cewa a wajen wasa ba, sice suke cewa. Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai har na je na yi ta bincike.

Ashe kowane gefe na ɗan lido yana da sunansa a tsohon Turanci: ace, deuce, trey, cater, cinque, sice, ɗaya zuwa shida kenan, duk daga Faransanci suka aro su. In ka jefa biyu duk suka ba ka ɗaya-ɗaya sai a ce ambsace, shi ne jifa mafi muni, har kalmar ta koma nufin rashin sa'a gaba ɗaya. Babban wasan cacar da Turawan suke yi da 'yan lido biyu sunansa hazard, tun ƙarni na 14 marubucin Ingila Chaucer ya ambace shi. Mai jifa zai zaɓi lamba tsakanin 5 da 9, ita ce main, in ta fito a jifan farko ya ci, sun ce nick kenan, in kuma 2 ko 3 ta fito an cinye shi, wannan su ne crabs, kuma daga nan wasan cacar craps da ake yi a Amurka ya samo suna. Har 'yan maguɗi ba a bar su ba, ɗan lidon da aka cusa wa nauyi a ciki don ya riƙa faɗuwa ta gefe ɗaya fulham suke kiransa.

Wasan ya mutu, yau ka tare matashi a titi ka ce masa ambsace sai ya tsaya kallonka. Amma kalmomin suna nan a ƙamus, da ma'anarsu da shekarar da aka fara ganinsu a rubuce. Wasu ma sun tsira da ransu, deuce na nan a wasan tanis, ace na nan a karta, hazard kuwa ta zama haɗari, ita ce rubuce a jikin kwalaben sinadarai a wajen aikinmu.

To mu fa? Nan ne abin yake min ciwo. Ina tuna tsofaffin ƙofar gidanmu bayan la'asar, an haƙa gurabe talatin a ƙasa, wannan da tsinke sha biyu wancan da tsakuwa sha biyu, ana jera uku ana ci, bakin kowa bai yin shiru, ga kirari ga habaici ga sunan kowace dabara. Da yawansu sun riga mu gidan gaskiya kuma ba wanda ya zauna da biro ya ɗauka. Yarana sun san "dara ta ci gida" don ina yawan faɗa, amma sai da na zana musu gurabe a takarda kafin suka gane me ake ci, wane gida ake nufi.

Na san me za a ce, ai caca haramun ce, kuma haka ne, ni ban taɓa sa sisina ba kuma ba zan so ɗana ya sa ba. Amma rubuta abin da masu cacar wuri suke cewa a da ba caca ba ce, Bargery ma, Baturen da ya fitar da ƙamus ɗinsa na Hausa a 1934, bai ce sai kalmar masallaci kaɗai zai ɗauka ba. Balle dara da ba ruwanta da kuɗi.

In Allah ya kai ni gida da sallah akwai tsoho ɗaya da ya rage cikin 'yan darar unguwarmu, na riga na sa ƙanena ya gaya masa zan zo da waya mu zauna ya yi ta faɗa ina ɗauka.