Ka sayi Clumber don a gani, yanzu kana neman kai da shi

Na ga sanarwar da bawan Allah nan ya sake sakawa a zaurenmu na Facebook jiya da daddare, na kuma ga masu ba shi baki suna cewa ai ya yi ƙoƙari. Wane ƙoƙari? Mutumin da ya cika mana ido da hotuna ranar da ya ɗauko kwikwiyon, yana shelar cewa duk unguwarsu babu mai irinsa, yau shi ne ke neman wanda zai karɓe shi kyauta saboda dalala da gashi sun ɓata masa kujeru. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Clumber fa ya saya, wani irin kare ɗan asalin Ingila da ya yi ƙaranci.

Ba a sayen dabba don ta yi ƙaranci. Zan ta nanata wannan har ku gaji da ni. Ƙarancin kare nauyi ne ake ɗora wa wanda ya ɗauke shi, kuma wannan mutum ado ya je nema.

Duk wanda ya yi tambaya ko sau ɗaya kafin ya biya kuɗi, za a gaya masa gaskiya. A cikin dangin spaniel, wato karnukan farautar tsuntsaye, babu wanda ya kai Clumber nauyi, namiji yakan haura kilo 30. Fari ne mai ɗigon ruwan lemo a kunne da fuska, kuma farin gashin nan zuba yake yi rani da damina, ka same shi a darduma, a rigar zuwa aiki, har cikin mota. Leɓɓansa a sake suke, in ya sha ruwa ya girgiza kai sai ka goge bango. Yana minshari. Kunnuwansa a rufe suke, in ba ka buɗe ka share ba, wari ne zai fara sanar da kai cewa ciwo ya shiga. Haka Allah ya yi shi, haka masu kiwonsa suka san shi tun zamanin da Duke na Newcastle ke ajiye su a gandunsa na Clumber Park da ke yankin Nottingham, inda sunan ya samo asali.

Wani ya rubuto min cewa ai kuɗinsa ne, karensa ne. Ban karɓi wannan ba. A nan Ingila dokar kare haƙƙin dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba alhakin abincinta, makwancinta da lafiyarta. Mu kuma tun kafin dokar mun taso da hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Wata kuma ta ce me ya haɗa Bahaushe da zancen karnuka. 'Yar'uwa, mafarautanmu da makiyayanmu ba jiya suka fara ajiye kare ba, kuma maganar da nake yi ta amana ce.

Ga abin da ya fi ci min rai. Tun 2003 ƙungiyar Kennel Club mai rajistar karnuka a Birtaniya ke fitar da jerin karnukan asalin Birtaniya da Ayalan da ke fuskantar ɓacewa, wato waɗanda 'ya'yan da ake yi wa rajista a shekara ba su wuce 300 ba. Clumber ya daɗe a cikin jerin, haka 'yan'uwansa spaniel irin Sussex da irin Field. Shi Sussex ma saura ƙiris ya ƙare a lokacin yaƙin duniya na biyu. Wata mata, Joy Freer, ita ta riƙe 'yan ƙalilan da ba su kai goma ba, tana ciyar da su a lokacin da mutane ma da kati suke karɓar abinci, kuma daga tsatsonsu na yau suka fito. To in iri ya yi ƙaranci haka, jini kusa yake da juna, ciwon gado kuma sai ya samu hanya. Clumber na fama da gocewar kwatangwalo, da ciwon ƙashin baya saboda tsawon jiki da gajartar ƙafa, da fatar ido mai naɗewa ciki gashi ya dinga gogar ƙwayar ido har sai an yi tiyata. Akwai wani ciwon gado da ke sa kare ya zube in ya ɗan yi gudu, wanda ake iya ganowa da gwaji tun kafin a haɗa iyaye. Matansu da yawa ba sa haihuwa sai an yi musu aiki. Wannan duk kuɗi ne, inshora ce, zirga-zirga ce wurin likitan dabbobi, na tsawon shekara 10 zuwa 12. Wanda bai shirya wa wannan ba, me ya kai shi?

Kuma wallahi kare ne mai daɗin zama. Ban taɓa ganin spaniel mai natsuwarsa ba. Ba ya yawan haushi, ba ya tsalle a kan baƙo, yaro zai ja masa kunne ya ɗaga jajayen idanun nan ya kalle shi ya mayar da kai ƙasa. A daji a hankali yake tafiya, hanci a ƙasa, ya kutsa sarƙaƙiyar da sauran karnuka ke kewayewa ya taso da tsuntsu. Shi ya sa Sarki George na biyar ya riƙe su a gidansa na Sandringham yana farauta da su. Dattijon da ba ya iya bin kare mai gudu zai ji daɗinsa ƙwarai. Har ƙarancin nasa yana da wani alheri: masu kiwonsa sun san juna, za su sa ka jira watanni, su yi maka tambayoyi kan gidanka da aikinka, kuma na kirkinsu kan ce in ka kasa ka dawo musu da shi. Wannan bawan Allah ko kiran wanda ya sayar masa bai yi ba. Facebook ya fara tunawa, yana neman duk wanda ya zo. Yadda ya saye shi don idon mutane, haka yake son rabuwa da shi a gaban mutane, ba ruwansa da hannun da zai faɗa.

Don Allah in kana cikin zauren kuma kana da lambarsa, ka ce ya cire sanarwar ya kira mai kiwon. Kada wani ya karɓa don kyauta ne.

Sannan ku masu turo min saƙo daga gida kuna tambayar yadda za a aiko muku da irin waɗannan karnuka zuwa Abuja ko Kano, amsata a'a ce, ku daina tambaya. Clumber ko zafin Yuli na Ingila wahalar da shi yake yi, sai an nema masa inuwa an rage masa fita da rana. Ina ga watan Afrilu a Kano, ga ɗauke wuta? Haka na ga bidiyon wani ya ɗaure husky a bayan gida kan siminti da tsakar rana, karen da aka yi don jan kaya a ƙanƙarar Sibiriya, harshe a waje yana haki, mai shi na ɗaukar hoto. Shi ma zan zo kansa.