Wa kuka ba ya gwada manhajar nan kafin ku sake ta?

Masu haɗa manhajojin banki a ƙasar nan, don Allah ku faɗa mana: kafin ku saki abin nan, wa kuka zaunar ya gwada a gabanku? Wallahi kamar don kanku kuka gina shi, ku masu manyan wayoyi da intanet mai gudu a ofis.

Mutum zai tura kuɗi, a aiko masa da lambar sirri ta tes. Ya fita ya duba, kafin ya dawo manhajar ta kore shi, sai ya sake shiga daga farko, lambar kuma ta mutu. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari, mai sayayya tsaye a kansa, haka zai yi ta zagaye har cinikin ya watse?

Masu ƙaramar waya kuwa sun fi shan wuya. Lambar asusu guda goma ce. Na zauna kusa da gwaggona tana duba takarda tana dannawa ɗaya bayan ɗaya, idonta ba ya gani sosai. Ba ta gama ba aka ce lokaci ya ƙare. Da Turanci kuma. Ita ba ta san ko kuɗin sun fita ba, sai ta riƙa tambayata hankalinta a tashe. Wannan ba cin mutunci ba ne? Ga masu suna irin Sa'adatu da Mu'azu, wani fom ɗin ya ƙi karɓar sunan da iyayensu suka raɗa musu saboda 'yar alamar da ke tsakiya.

A farkon 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000 takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo, an tilasta wa mai shayi da mai kayan miya komawa taransifa. Kowa ya ga yadda suka wahala. Me kuka gyara tun daga nan?

Kada ku ce gwaji tsada gare shi. Tun shekarar 2000 Jakob Nielsen, masanin wannan fanni, ya rubuta cewa gwaji da mutum biyar kan fito da kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani. Biyar kacal! Ku shiga Kasuwar Kurmi, ku miƙa wa dattijo wayarsa, ku ce ya tura naira dubu. Kada ku taimaka masa, kada ku ce uffan. Ku rubuta duk inda ya tsaya, ku koma ku gyara, sannan ku dawo ku sake ba shi.