Kafin Ka Sake Zuƙar Hayaƙin Nan

'Yan'uwana matasa, akwai aikin da ake yi a ƙirjinku dare da rana ba ku sani ba, kuma wasunmu sun duƙufa wajen rusa shi da hannunsu.

Babban mutum yakan shaƙi iska kusan lita 10,000 a kullum, kuma ba ita kaɗai take shiga ba, da ƙura take tafe, da ƙwayoyin cuta. Abin da ke tare su tun daga hanci har cikin huhu shi ne wata siririyar shimfiɗa ta ƙwayoyin halitta da ta lulluɓe hanyar numfashi. Wasu daga cikinsu majina suke fitarwa, duk abin da ya shigo ya maƙale. Wasu kuwa kowacce na ɗauke da ƙananan gasu wajen 200 da ido ba ya gani, suna kaɗawa kusan sau goma ko fiye a daƙiƙa guda, tamkar tsintsiya, suna tura majinar sama zuwa maƙogwaro, mu haɗiye ko mu tofar. Ita kanta majinar da muke ƙyama tana da makaminta. A 1921 masanin kimiyya Alexander Fleming yana fama da mura ya gano cewa majinar hancinsa na ɗauke da sinadarin da ke narkar da bakteriya.

Aikinsu bai tsaya ga shara ba. Idan bairos ɗin mura ya shigo, waɗannan ƙwayoyin ne ke fara gane shi. Sai su saki sinadarin intaferon, su ankarar da maƙwabtansu, su kira fararen ƙwayoyin jini su kawo ɗauki. Garkuwar jiki da su take jin labari. In kuwa ana yawan tsokanarsu, sai kiran ya wuce ƙima, hanyar iska ta kumbura ta ƙuntata, abin da masu asma suka sani sarai.

To, hayaƙin taba gasun nan yake fara kassarawa. Suna raguwa, suna gajarcewa, kaɗawarsu ta yi sanyi, majina kuma ta ƙaru. Tarin nan na safe da mai shan sigari ke yi har idonsa ya kawo ruwa, yana kakaro kaki mai kauri, ƙirji ne ke ƙoƙarin fitar da abin da gasun suka kasa kwashewa. Shi ya sa mura ke daɗewa a jikinsa, nimoniya ma ta fi samun hanya.

Masu shisha kuma, don Allah ku daina cewa ruwa yana tace hayaƙin. Sanyaya shi yake yi, ka ji daɗin zuƙa har can ƙasa. Tun a 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa zaman shisha na awa ɗaya na iya sa mutum ya shaƙi hayaƙin da ya kai na kara 100 na sigari ko fiye, ga gubar gawayi a kai. Ƙaninka da ke zaune kusa da kai ma shaƙa yake yi, shi da bai ji ba bai gani ba.

Wanda ya daina, gasun na farfaɗowa cikin watanni. Tari na iya ƙaruwa a makonnin farko saboda shara ta dawo, kada wannan ya mayar da kai ruwa. Amma tarin da ya haura mako biyu, ko aka ga jini a kaki, wannan na asibiti ne, a je a auna.