Wai Turancin wane gari a Ingila ake sayar wa 'ya'yanmu?

Takardar kuɗin makaranta ta zangon nan ce ta tunzura ni. Ina dubawa, bayan kuɗin karatu da na littattafai da na yunifom ɗin wasanni da ba a taɓa fasa karɓa, sai ga wani sabon layi can ƙasa, wai kuɗin "diction", naira dubu 15 kowane yaro. Na tambaya a guruf ɗin iyaye na WhatsApp aka ce ai wata ƙwararriya aka ɗauko za ta riƙa zuwa sau biyu a sati tana gyara wa yara harshe su koma Turanci irin na Ingila, har da ɗan bidiyo aka turo, 'yan aji uku sun jeru suna ta karya harshe suna magana ta hanci kamar masu mura, iyaye kuwa sai Masha Allah ake ta zubawa. Kuma ba mu kaɗai ba ne, duk mai yaro a makarantar kuɗi a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san abin ya zama yayi, har a allon talla ake rubuta shi yanzu.

Ni dai tambaya ɗaya na yi, har yau ba wanda ya amsa min. Turancin wane gari a Ingilar?

Duk mai shiga gidan kallon ƙwallo ya san abin da nake nufi. Ka saurari Jamie Carragher idan gardama ta yi zafi, ka saurari Alan Shearer, sannan ka tuno Alex Ferguson lokacin da yake fira da 'yan jarida bayan an ci Manchester United. Na farko ɗan Liverpool, na biyu ɗan Newcastle, na uku ɗan Glasgow can Scotland, dukkansu Turanci suka sha a nono, amma wallahi idan ba ka saba ba sai ka rantse yare uku ake yi maka. Tsakanin Liverpool da Manchester fa bai wuce kilomita 50 da ɗoriya ba, bai kai rabin Kano zuwa Zariya ba, amma mutum na buɗe baki an san daga wanne ya fito. Motar da ɗan Landan zai kira bas kamar yadda mu ma muke cewa, ɗan arewacin Ingila bus zai ce da wasalin u sak. Abin bai tsaya a lafazi ba, har kalmomin yau da gobe. A gidaje da yawa na arewa, musamman na masu aikin ƙarfi, "dinner" abincin rana ne, na dare kuma "tea" sunansa, ka ji an ce ka zo "tea" ka tafi da tunanin shayi a kawo maka dankali da nama. Ɗan ƙaramin burodin nan mai zagaye kuwa sunansa "cob" a Nottingham, "barm" a wajajen Manchester, wani wurin "bap". To wanne malamarmu za ta koyar?

Na san amsar da za a ba ni, wai na Sarauniya, na BBC. Wannan ɗin shi ne masana ke kira RP, kuma ƙiyasin da suka daɗe suna kawowa shi ne mutanen Birtaniya da ke magana da shi ba su wuce kashi 3 cikin 100 ba. Ba shi da gari. A makarantun kwana na 'ya'yan masu hannu da shuni irin su Eton da Harrow ya ginu a ƙarni na 19, har ma masanin furuci Daniel Jones da ya tattara shi a ƙamus a 1917 lafazin waɗannan makarantu ya fara kiransa kafin a sauya masa suna. A 1926 BBC ta kafa kwamiti musamman don tsara yadda masu karanta labarai za su riƙa furuci, a ƙarƙashin shugabanta John Reith, wanda shi kansa ɗan Scotland ne. Wato dai tun asali tambarin aji ne, alama ce ta cewa ubanka ya iya biyan kuɗin makaranta mai tsada. Shi ya sa ma ban yi mamakin ganinsa a takardar kuɗi ba.

Kuma su kansu Turawan abin ya daɗe yana cin su. A 1941 da BBC ta sa Wilfred Pickles, mutumin Yorkshire, karanta labarai da harshen garinsu, wasiƙun ƙorafi suka yi ta shigowa. An shekara fiye da 80 amma ba ta sauya zani ba, Angela Rayner da ta riƙe mataimakiyar firaminista daga 2024 zuwa 2025 ta sha faɗin irin zagin da ake yi mata saboda tana magana kamar 'yar Stockport, alhali 'yar Stockport ɗin ce. Ciwon da masu shi ke neman maganinsa, shi muka je muka sayo da kuɗinmu muna shafa wa yara.

Marigayiya Sarauniya Elizabeth ma da ake jingina mata Turancin ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A 2000 masanin furuci Jonathan Harrington da abokan aikinsa sun auna jawabanta na Kirsimeti na shekarun 1950 da na 1980, suka tarar wasulanta sun matsa sun kusanci na matasa da talakawan kudancin Ingila. Ita da kanta ta sassauta, mu ne muka kafe.

Amma labarin da ya fi burge ni na Amurka ne. A 1962 masanin harshe William Labov ya shiga manyan kantuna 3 a New York, na masu kuɗi, na matsakaita, da na talakawa, yana tambayar ma'aikata inda ake sayar da wani kaya da ya riga ya san a hawa na huɗu yake, don kawai su ce masa "fourth floor" ya ji. Ma'aikatan kantin masu kuɗi suka fi fito da harafin r, na kantin talakawa suka fi haɗiye shi. To a Ingila kuma akasin haka ne, mai haɗiye r ɗin nan shi ne ɗan gayu, mai fito da shi ana masa kallon manomin ƙauyen yamma. Harafi ɗaya, a nan wayewa a can ƙauyanci. Babu komai a jikin sautin, wanda ke furta shi ake kallo, da aljihunsa.

Mu dawo gida, don nan ne abin ya fi yi min ciwo. Shekara nawa ana mana dariyar p da f, duk ɗan wasan barkwancin da ya rasa abin faɗa sai ya sa hula ya ce "pipty naira" a fashe da dariya. Dalilin kuwa ba wani abin kunya ba ne, a Hausa sauti ɗaya gare mu a wannan gurbin, da leɓɓa biyu ake fitar da shi, shi ya sa wani ke cewa fara wani hwara, Bakano ya ce tafiya Basakkwace ya ce tahiya. Kowa da gurbin da harshen uwarsa ya bar masa. Bayarabe yakan yar da h a farkon kalma a yi ta tsokanarsa, alhali ɗan gabashin Landan haifaffe ma yar da ita yake yi, har ya ƙara da mayar da "three" ta koma "free". Bafaranshe ya ce "zis" a ce kai, ji daɗin harshe, Bahaushe ya ce "zis" ɗin nan dai a ce bai yi makaranta ba. Yanzu kuma maimakon mu tsaya a kan wannan rainin, sai muka shigo da shi cikin gida, muna biyan kuɗi a koya wa yaro ya ji kunyar yadda ubansa ke magana. Na ga yarinya 'yar shekara 8 tana gyara wa mahaifinta "vegetable" a gaban baƙi, mutumin da ke da digiri biyu, ana ta dariya ana cewa ai 'yar Landan ce. Ni ban yi dariya ba.

Kuma mu ne fa muka fi kowa sanin wannan wasan a harshenmu. An ɗauki Kananci an gina daidaitacciyar Hausa a kansa, ba don ya fi Sakkwatanci ko Katsinanci tsarki ba, tsohuwar Hausa ma a bakin Sakkwatawa ta fi zama. Duk wanda ya ce maka mai cewa "shina zuwa" bai iya Hausa ba ka san shi ne bai san Hausar ba.

Masu kare abin suna cewa ai don yaro ya iya gogayya a duniya ne, a fahimce shi ko'ina. Haba dai. Ngozi Okonjo-Iweala tun 2021 take shugabantar Hukumar Ciniki ta Duniya da harshenta na 'yar Najeriya, Aliko Ɗangote kuma bai taɓa rasa wata yarjejeniya don ana jin Kano a bakinsa ba. Masu Turanci a duniya yau mafi yawansu ba Turawa ba ne, wanda ɗanka zai yi ciniki da shi ya fi yiwuwa ya zama ɗan Indiya ko ɗan Sin ko Balaraben Dubai. A Landan ɗin kanta Turancin da samari ke yi a titi yanzu cike yake da tasirin Jamaika da na sauran baƙi. Ƙamus ɗin Oxford ma a Janairun 2020 ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, har da Kannywood da okada da "next tomorrow" ɗin nan da malamai suka sha dukanmu a kai, daga baya kuma suya da japa suka bi sahu. Su suna ɗiban namu suna adanawa, mu muna biya a kankare mana.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yaran nan da ke karya harshe, ka miƙa wa ɗaya shafi guda ya karanta ka ce ya faɗa maka abin da ya gane, sai ido. Ya iya jan "water" amma bai iya rubuta wasiƙar layi biyar ba tare da kuskure goma ba. Dama can haka tsarin yake, jarrabawar furuci ta WAEC ma a takarda ake yin ta, ka zaɓi A ko B ko C ba tare da ka buɗe baki ba. Kwalliya muke so, ita kuma ake sayar mana, don ita ce ke fitowa a bidiyo. Fahimtar karatu ba ta yin kyau a status.

Ban ce kar a koya wa yaro bambancin "pan" da "fan" ba, a koya masa mana, don kar a ce ya kawo fanka ya kawo kasko. Amma wannan aikin malamin Turanci ne na kullum wanda mun riga mun biya kuɗinsa, ba sai an ɗauko wata daga waje ba. Dubu 15 ɗin nan a sayi littattafan labarai a zuba a aji, ko a ƙara wa malaman albashi su daina guduwa duk zango. Hukumomin da ke sa ido kan makarantun kuɗi kuma su leƙa waɗannan ƙananan layukan da ke ƙasan takarda, don ba "diction" kaɗai ba ce a wurin.

Kuɗin kam na biya, don an ce wanda bai biya ba za a fitar da ɗansa waje lokacin darasin, ni kuma ba zan sa a nuna min yaro da yatsa ba. Amma taron iyaye da malamai na nan tafe ƙarshen wata, kuma na riga na sauke bidiyon Carragher da na Shearer a waya, zan kunna wa malamar ta faɗa min wanne muka saya.